Albert Einstein da Wasiƙar da Ta Ƙwace wa Mai Ita

A ranar 2 ga Agusta 1939, saura wata guda Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka shirya wata wasiƙa mai shafi biyu zuwa ga shugaban Amurka, Franklin Roosevelt. Wanda ya sa mata hannu, Albert Einstein, duniya ta san shi da abu biyu, zurfin ilimin fiziks da ƙin yaƙi. Wasiƙar gargaɗi ce cewa masana sun kusa gano hanyar ƙera wani bam da ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma akwai alamun Jamus ta Hitila ta riga ta sa ƙafa a wannan hanya. Bayan shekara shida bam ɗin ya tabbata, sai dai a hannun Amurka ya tabbata, a kan biranen Japan biyu kuma ya faɗa. Hausawa suka ce magana zarar bunu ce. Einstein ya ƙare shekaru goman ƙarshe na rayuwarsa yana fama da abin da ya zara a wannan rana.

Haihuwa da tasowa

An haifi Einstein ranar 14 ga Maris 1879 a garin Ulm da ke kudancin Jamus, a gidan Yahudawa masu rufin asiri. Shekara na zagayowa iyayensa suka koma Munich, inda mahaifinsa Hermann da baffansa Jakob suka kafa masana'antar kayan lantarki. Danginsa sun ce bakinsa bai buɗe da wuri ba, har abin ya dami iyayensa. Yana ɗan shekara huɗu ko biyar mahaifinsa ya nuna masa kamfas, sai allurar nan da ke fuskantar arewa ko ta ina aka juya ta ta ɗaure masa kai, ya gane cewa akwai ƙarfin da ido ba ya gani amma yana juya abubuwa.

Makarantar Munich ba ta kwanta masa ba, domin hadda ta yi mata yawa, horonta kuma irin na barikin soja ne. A ƙarshen 1894 ya bar ta, ya bi iyayensa Italiya, inda suka koma bayan kasuwancinsu ya karye. A 1896, yana ɗan shekara 16, ya ajiye takardar zama ɗan ƙasar Jamus, abin da ya raba shi da aikin soja na dole. Ya yi shekara biyar ba shi da ƙasa kafin Suwizalan ta karɓe shi a 1901. A can ya yi karatu a babbar makarantar fasaha ta Zurich, ya gama a 1900, ya yi ta neman aikin koyarwa a jami'o'i bai samu ba. A 1902 ya zama ƙaramin ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern.

Daga wannan ofishi ne a 1905 ya fitar da maƙalu huɗu da suka sauya fiziks. Ta ƙarshensu ta nuna cewa jikin abu da makamashi asalinsu ɗaya, ana iya juya wannan ya koma wancan. Shi ne lissafin da ake rubutawa E = mc², wato makamashin da ke cikin abu daidai yake da nauyinsa idan an ninka shi da gudun haske, aka sake ninkawa da gudun haske. Tun da haske na cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, giram ɗaya kacal yana ɗauke da makamashin da ya kai kilowat-awa miliyan 25. A wancan zamani lissafi ne a kan takarda, babu wanda ya san ƙofar da za a buɗe a fito da wannan ƙarfi.

Sunansa ya game duniya a 1919. Ya riga ya faɗa a 1915, cikin nazariyyarsa ta dangantaka, cewa hasken tauraro yana lanƙwashewa idan ya ratsa kusa da rana. Ranar 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana, masanan Birtaniya suka ɗauki hotuna a tsibirin Principe da ke gaɓar Afirka ta Yamma da kuma garin Sobral na Barazil, hotunan suka gaskata shi. Aka ba shi kyautar Nobel ta shekarar 1921.

Ƙin yaƙi da gudun hijira

A 1914 ya koma Barlin da aiki, watanni kaɗan kafin Yaƙin Duniya na Farko. A Oktoban shekarar manyan masana da marubutan Jamus su 93 suka sa hannu a takardar goyon bayan sojojin ƙasarsu. Wani likita, Georg Nicolai, ya rubuta wata takardar ta kira ga zaman lafiya, mutum huɗu ne kawai suka yarda suka sa mata hannu, Einstein na cikinsu. Bayan yaƙin ya ƙara tsananta, har yana kira ga matasan duniya su ƙi shiga soja kome za a yi musu.

Hawan Hitila mulki ranar 30 ga Janairu 1933 ya same shi a Amurka. Ƴan Nazi suka binciki gidansa na hutu da ke Caputh, suka ƙwace dukiyarsa. Da ya dawo Turai sai ya tsaya a Beljiyam, ya miƙa fasfonsa a ofishin jakadancin Jamus, ya ajiye kujerarsa ta majalisar masana ta Barlin. A nan ne ra'ayinsa ya juya. Da aka nemi ya goyi bayan wasu matasa biyu da aka ɗaure don sun ƙi aikin soja, sai ya ƙi, ya bayyana cewa muddin Hitila na tara makamai, ƙananan ƙasashe ba su da mafita sai su yi shirin kare kansu. Abokan tafiyarsa da yawa suka ɗauki wannan a matsayin cin amana. A Oktoban 1933 ya zauna a garin Princeton na Amurka, bai sake taka Turai ba har ya bar duniya.

Tsagewar yuraniyom

Har zuwa ƙarshen 1934 Einstein bai yarda za a iya tatsar makamashi daga ƙwayar zarra ba. Ya kwatanta wa ƴan jarida ƙoƙarin da harbin tsuntsu cikin duhu a ƙasar da tsuntsaye suka yi ƙaranci. Wanda ya hango hanyar tsohon abokin aikinsa ne, Leo Szilard, Bayahuden Hangare, wanda suka taɓa ƙirƙiro wani irin firiji tare a Barlin. A Satumban 1933, yana gudun hijira a Landan, Szilard ya yi tunanin cewa in da za a sami sinadarin da ƙwayarsa za ta haɗiye niyutiron ɗaya ta fitar da biyu, to biyun za su haifi huɗu, huɗu su haifi takwas, abin ya ci gaba kamar wutar daji a lokacin hunturu.

A Disamban 1938, a Barlin, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka harbi yuraniyom da niyutiron, suka tarar da sinadarin bariyom, wanda nauyinsa bai wuce rabi da ɗan wani abu na yuraniyom ba. Abokiyar aikinsu Lise Meitner, wadda ta gudu Suwidin saboda asalinta na Yahudawa, ita da ɗan ƴar'uwarta Otto Frisch suka warware abin: cibiyar ƙwayar ce ta tsage gida biyu, ɗan nauyin da ya ɓace kuma ya koma makamashi daidai da lissafin Einstein. Da yake abin sabo ne, ba shi da suna, sai Frisch ya aro kalmar da masana halittu ke kiran rabewar ƙwayar rai da ita. Kafin watanni kaɗan Frédéric Joliot-Curie a Paris, da Enrico Fermi da Szilard a New York, suka tabbatar cewa a matsakaici tsagewa tana sakin niyutiron wajen biyu ko fiye. Sinadarin da Szilard yake tsoro ya bayyana, a babban birnin Hitila kuma aka fara gano shi. Daɗin daɗawa, Jamus ta mamaye Cekoslobakiya, ta hana sayar da yuraniyom ɗin ma'adinanta.

Yadda aka rubuta wasiƙar

A watan Yuli 1939 Szilard da ɗan ƙasarsu Eugene Wigner suka nufi tsibirin Long Island, inda Einstein ke hutu. Suka yi ta yawo ba su gane gidan ba, sai wani yaro ya nuna musu. Da Szilard ya bayyana masa yadda tsagewa ke haifar da tsagewa, Einstein ya amsa cewa wannan tunani bai taɓa zo masa ba, amma nan take ya gane inda maganar ta dosa.

Tun farko ba Roosevelt suka nufa ba. Damuwarsu ita ce ma'adinan Kwango, wadda ke ƙarƙashin mulkin mallakar Beljiyam, kada su faɗa hannun Jamus. Sun kuma san Einstein abokin uwar sarkin Beljiyam ne, Elisabeth, wadda sukan yi kiɗan goge tare. Einstein ya ga ya fi dacewa a rubuta wa jakadan ƙasar. Ana cikin haka wani masanin tattalin arziki mai shiga wurin Roosevelt, Alexander Sachs, ya ba da shawarar a kai maganar fadar shugaban Amurka kai tsaye, ya ɗauki alkawarin miƙa takardar hannu da hannu. Szilard ya koma wurin Einstein, wannan karon Edward Teller ne ya tuƙa shi. Einstein ya yi shifta da Jamusanci, domin Ingilishi da girma ya koye shi, bai taɓa sakewa a cikinsa ba. Szilard ya mayar da ita Ingilishi, ya fitar da doguwa da gajera, aka aika da doguwar.

Wasiƙar ta fara da cewa yuraniyom na iya zama sabon tushen makamashi nan gaba kaɗan. Sannan ta ce ana iya ƙera bam da shi, wanda in aka ɗauko ɗaya a jirgin ruwa aka tayar da shi a tashar jiragen ruwa, zai iya share tashar da abin da ke kewaye da ita, ko da yake mai yiwuwa ya yi wa jirgin sama nauyi. Ta nuna cewa ma'adinin Amurka ba shi da kyau, akwai mai kyau a Kanada da Cekoslobakiya, amma mafi muhimmanci shi ne na Kwango. Ta roƙi gwamnati ta ƙulla hulɗa da masanan da ke wannan bincike, ta tanadi ma'adini, ta hanzarta gwaje-gwaje. Ta rufe da labarin Jamus da hana sayar da yuraniyom. Babu inda ta ce a jefa wa wani bam. Rigakafi take nema.

Daga gargaɗi zuwa makami

Hitila ya afka wa Polan ranar 1 ga Satumba, Sachs bai sami ganin Roosevelt ba sai 11 ga Oktoba. Shugaban ya kafa kwamiti ƙarƙashin Lyman Briggs, kuɗin farko da aka ware kuwa dala 6,000 ne kacal. Ganin tafiyar hawainiyar da ake yi, Einstein ya sa hannu a wasu wasiƙu biyu a Maris da Afrilun 1940. Abin da ya tayar da Amurka tsaye daga Birtaniya ya zo. A Maris 1940, a Birmingham, Frisch da Rudolf Peierls suka lissafa cewa in aka tace wani nau'in yuraniyom mai lamba 235, ɗan kaɗan ya isa bam da jirgin sama zai ɗauka. Rahoton masanan Birtaniya na 1941 ya tabbatar da haka. A 1942, bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, aka kafa shirin Manhattan ƙarƙashin Janar Leslie Groves, aka ɗora Robert Oppenheimer a kan masu ƙera bam ɗin a Los Alamos. Shirin ya ci kusan dala biliyan biyu, ya ɗauki ma'aikata wajen 130,000.

Abin da wasiƙar ta faɗa game da Afirka ya tabbata. Ma'adinin Shinkolobwe da ke lardin Katanga ba shi da na biyu a duniya, domin wani dutsen nasa fiye da rabinsa yuraniyom ne. Shugaban kamfanin Union Minière, Edgar Sengier, ya kwaso tan kusan 1,200 a 1940 ya jibge a wani sito a New York, a 1942 ya sayar wa sojojin Amurka. Kaso mafi tsoka na yuraniyom ɗin da shirin ya yi amfani da shi daga nan ya fito, daga hannun leburorin Kwango da ba a gaya musu abin da suke haƙowa ba.

Shi kuwa Einstein, ba a bar shi ya leƙa ko ƙofar shirin ba. A Yulin 1940 hukumar leƙen asirin soja ta ƙi amincewa da shi saboda ra'ayoyinsa na siyasa da ƙungiyoyin zaman lafiyar da ya shiga. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a Oktoban shekarar, amma aikin yaƙin da aka ba shi bai wuce bai wa sojojin ruwa shawara kan nakiyoyi na yau da kullum ba.

A Nuwamban 1944 masu binciken Amurka suka kama takardun masanan Jamus a Strasbourg, suka ga cewa Jamus ko kusa da bam ba ta yi ba. Dalilin da ya haifi wasiƙar ya faɗi, amma aikin bai tsaya ba. Masani ɗaya, Joseph Rotblat, ya ajiye aiki ya bar Los Alamos saboda haka. Szilard ya sake zuwa wurin Einstein, wannan karon don a taka birki. Ranar 25 ga Maris 1945 Einstein ya rubuta wa Roosevelt yana roƙon ya saurari Szilard. Roosevelt ya rasu ranar 12 ga Afrilu ba su gana ba. Jamus ta miƙa wuya a Mayu. A Yuli Szilard ya tara sa hannun masana 70 suna roƙon sabon shugaba, Harry Truman, kada ya jefa wa Japan bam ba tare da an ba ta damar miƙa wuya bisa sharuɗɗan da aka bayyana mata ba. Takardar ba ta hana kome ba. Ranar 6 ga Agusta bam ɗin yuraniyom ya faɗa Hiroshima, ranar 9 ga wata na fulutoniyom ya faɗa Nagasaki. Kafin ƙarshen shekarar an ƙiyasta mutum 140,000 sun mutu a birni na farko, fiye da 70,000 a na biyu. Nauyin da ya koma makamashi a Hiroshima bai kai giram ɗaya ba.

Da na sani

Labarin ya iske Einstein yana hutu a bakin tafkin Saranac, sakatariyarsa ce ta ji a rediyo ta gaya masa. A Yulin 1946 mujallar Time ta buga hotonsa a bangonta, bayansa hayaƙin bam ya turnuƙe, an rubuta lissafinsa a jikin hayaƙin. Tun daga nan jama'a suka ɗauke shi uban bam, alhali bai san ko ranar da aka gwada shi ba. Masana tarihi da yawa na ganin ko babu wasiƙarsa da Amurka ta ƙera makamin, tun da lissafin Birtaniya ne ya motsa ta. Einstein ya san gudummawarsa ƙarama ce, yakan faɗi haka, amma bai wanke kansa ba. A 1947 ya shaida wa mujallar Newsweek cewa da ya san Jamusawa ba za su yi nasara ba, da bai yi kome ba. A 1954 ya gaya wa masanin sinadarai Linus Pauling cewa sa hannun nan shi ne babban kuskuren rayuwarsa, ko da yake tsoron Jamus hujja ce a lokacin. Da na sani ƙeya ce, bakin alƙalami kuwa ya riga ya bushe.

Abin da ya rage masa shi ne ya sake yin gargaɗi, wannan karon a bainar jama'a. A 1946 ya shugabanci kwamitin gaggawa na masanan nukiliya, wanda ya tara kuɗi don wayar da kan mutane. Hujjojinsu a fili suke: sirrin bam ba zai ɓoyu ba, babu garkuwar da za ta tare shi, mafita ɗaya ita ce a ɗora makamin ƙarƙashin wata hukuma ta duniya da ta fi ƙarfin kowace ƙasa. Amurkawa da yawa suka kira shi ɗan kwaminis, masanan Sobiyet kuma suka zarge shi da share wa jari-hujja hanya. Hukumar FBI ta tara fayil a kansa mai shafi fiye da 1,400. A Agustan 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam, kamar yadda suka faɗa. Da Truman ya ba da umarnin ƙera bam ɗin haidurojin a farkon 1950, Einstein ya fito a talabijin, a shirin Eleanor Roosevelt, matar wanda ya rubuta wa wasiƙar farko, ya yi kashedin cewa gubar makamin na iya gurɓata iska har ta kawar da rai daga doron ƙasa.

Ranar 11 ga Afrilu 1955 ya amince a sa sunansa a wata sanarwa da masanin falsafar Birtaniya Bertrand Russell ya tsara, mai kira ga gwamnatoci su daina neman warware saɓani ta hanyar yaƙi. Bayan mako guda, ranar 18 ga Afrilu, ya rasu a Princeton yana da shekara 76, sakamakon fashewar babbar jijiyar jini a cikinsa. Ya yi ƴan kalmomi da Jamusanci kafin ya cika, amma ma'aikaciyar jinyar da ke kansa ba ta jin harshen, don haka babu wanda ya san abin da ya ce. An karanta sanarwar a Landan ranar 9 ga Yuli da sa hannun mutum 11. Ita ta haifi tarukan Pugwash da aka fara a 1957, waɗanda suka raba kyautar Nobel ta zaman lafiya da Rotblat a 1995.

Bayan rasuwarsa

Tseren makaman da ya yi gargaɗi a kai bai daɗe ba ya iso Sahara. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a kudancin Aljeriya, hankalin ƙasashen da iskar hunturu ke kwaso wa ƙura daga arewa ya tashi. Bayan gwaji na uku, Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961, tana da wata uku da samun mulkin kai. A Nijar kuwa, masu binciken Faransa sun gano yuraniyom a Azelik tun 1957. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ya biyo baya a Akuta daga 1978 har zuwa 2021. Hanyar da ta tashi daga Damagaram ta ratsa Tanut da ƙasar Damargu zuwa Agadas, wadda ayarin raƙuma suka daɗe suna bi, in aka miƙe arewa a can take kai matafiyi. A 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Alƙahira kan yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta ƙera makaman nukiliya ko ajiye su ko gwada su a nahiyar, ta fara aiki a 2009.

Wasiƙar 1939 ta ambaci fuskokin yuraniyom biyu a shafi guda, makamashi da bam, ta kuma nuna Afirka a matsayin inda dutsen yake. Asalinta na nan a ɗakin adana takardun Roosevelt da ke Hyde Park a jihar New York, da ɗan ƙaramin sa hannun Einstein a ƙasan shafi na biyu.